Faransanci a Afirka: Gadon Mallaka ko Gadar Sadarwa?

Faransanci yana cikin harsunan da suka tsiro daga Latinanci, wato harshen tsohuwar daular Rum, kuma danginsa na kusa su ne Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Fotugal. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ake taƙaita sunanta da OIF, ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum miliyan 321 ne suke jin harshen a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu amfani da shi a kullum a Afirka suke zaune, har ma birnin Kinshasa ya zarce Faris yawan jama'a a jerin biranen da Faransanci yake harshen hukumarsu. Amma a daidai lokacin da ake fitar da waɗannan alƙaluma, Mali ta sauke harshen daga matsayinsa a tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso ta bi sahu a ƙarshen wannan shekara, Nijar kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a watan Maris na 2025, sannan ƙasashen uku suka fice daga OIF a cikin wannan wata. Wannan ya sake tayar da tsohuwar muhawara, wato ko ya dace ƙasashen Afirka rainon Faransa su ci gaba da gudanar da mulki da shari'a da karatu cikin Faransanci, ko kuwa lokaci ya yi da zai koma gefe.

Akwai kalmomi uku da suke yawan sarƙewa a wannan magana. Harshen hukuma shi ne wanda doka ta ce da shi ake rubuta dokoki da hukunce-hukunce, kuma nassinsa ne abin dogaro idan an sami saɓani. Harshen aiki shi ne wanda ofisoshi suke gudanar da wasiƙu da tarurruka da shi, ko da ba a ba shi wancan matsayi ba. Harshen ƙasa kuwa, a yadda ƙasashe rainon Faransa suka daɗe suna amfani da kalmar, shi ne harshen gida da gwamnati ta amince da shi don girmamawa, ba lalle ne a ga takarda ɗaya ta hukuma da aka rubuta da shi ba. A Mali da Burkina Faso da Nijar, abin da aka yi shi ne mayar da Faransanci harshen aiki, wanda hakan ke nuna cewa an rage masa daraja a kundi amma an bar shi a kan tebur.

Tarihin harshen a cikin Faransa kanta yana ba kowane ɓangare makami. Rubutu mafi daɗewa da ake dangantawa da shi shi ne rantsuwar ƙawance da jikokin sarki Sharlaman biyu suka yi a Strasbourg a shekarar 842. A 1539 sarki François na Ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta wajabta rubuta takardun shari'a da Faransanci maimakon Latinanci, a 1635 kuma aka kafa majalisar Académie française mai mambobi 40 don ta tsara ƙamus ta kuma daidaita harshen. Duk da haka, lokacin da limamin coci Grégoire ya gabatar da rahotonsa a 1794, ya ƙiyasta cewa waɗanda suke iya harshen sosai ba su wuce miliyan 3 ba a ƙasa mai mutum kusan miliyan 28, sauran suna magana da harsunan yankunansu kamar Breton da Oksitan da Bask. Makarantar tilas da dokokin Jules Ferry suka kawo a 1881 da 1882, da aikin soja, da layin dogo, su ne suka shigar da Faransanci kowane ƙauye. Masu goyon bayan harshen suna cewa ga shaida nan cewa harshen da ya soma a matsayin na 'yan tsiraru yana iya zama na kowa idan makaranta ta yi aikinta. Masu adawa kuma suna cewa shaidar tasu ce, domin dokar 1539 ba kome ba ce illa yanke shawarar cewa a daina yi wa mutane shari'a da harshen malamai da ba sa ji, kuma abin da suke nema wa Afirka ke nan.

Wani abu da ba a cika ba shi muhimmanci ba a muhawarar shi ne tazarar da ke tsakanin Faransancin baka da na takarda. Ƙa'idojin rubutunsa sun daskare a kan furucin ƙarnonin da suka wuce, shi ya sa kalmar ruwa ake rubuta ta eau a furta ta o, kuma harafin s da ke nuna jam'i a ƙarshen suna galibi ba a jin sa a baki. Kalmomin vert da verre da vers da ver, wato kore da gilashi da wajen da tsutsa, duk furucinsu ɗaya. Akwai sigar shuɗaɗɗen lokaci da ake kira passé simple wadda kusan ba a jin ta sai a littafi, kuma ƙwayar korewa “ne”, wadda nahawu ya wajabta, yawancin Faransawa suna yar da ita a hira. Gyaran ƙa'idojin rubutu da aka gabatar a 1990 ɗan kaɗan ne, amma sai da ya jawo ce-ce-ku-ce na shekaru. Sakamakon haka shi ne yaron Faris yana shan wahalar shifta alhali da harshen ya tashi, balle yaron ƙauyen Tasawa wanda zai koyi furuci da ma'ana da rubutu a lokaci guda, daga bakin malamin da shi ma a aji ya tsinci harshen.

Hujja ta farko ta masu son a riƙe Faransanci ita ce ƙofofin da yake buɗewa. Tun daga yarjejeniyar Rastatt ta 1714 ya zama harshen diflomasiyyar Turai, kuma bai sami kishiya ba sai a yarjejeniyar Versailles ta 1919 da aka rubuta da shi da Ingilishi. A yau yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi da Ingilishi ne harsunan aiki na sakatariyarta da na Kotun Duniya da ke Hague, da shi alƙalan kotun Tarayyar Turai suke tattauna hukunci, kuma shi ne harshen hukuma na ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Amma amfaninsa a cikin Afirka ya fi wannan kusa da rayuwa. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome ko Kwatano da Faransanci ake cika masa takardun kwastan, ƙasashe 17 suna aiki da dokokin kasuwanci na bai ɗaya ƙarƙashin yarjejeniyar OHADA ta 1993 mai kotu a Abijan, kuma hukumar CAMES da ke Wagadugu tana tantance malaman jami'o'i ta yadda likitan da ya yi karatu a Dakar zai sami karɓuwa a Yamai ko Yawunde. Nijeriya ma, wadda maƙwabtanta na tudu duka masu Faransanci ne, ta buɗe cibiyar koyon harshen a Badagiri a 1991, kuma a 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana niyyar mayar da shi harshen hukuma na biyu, ko da yake maganar ba ta yi nisa ba.

Hujja ta biyu ita ce ta zaman lafiya. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Kamaru kowace tana da harsuna fiye da 200, Kodebuwa tana da fiye da 60, kuma masu wannan ra'ayi suna cewa zaɓar harshen wata ƙabila a ɗora shi a kan sauran tsokanar tsuliyar dodo ne, alhali Faransanci ba na kowa ba ne, don haka kowa yana iya karɓarsa ba tare da jin an rinjaye shi ba. Sai hujja ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi, wato cewa harshen ya riga ya zama na Afirka. Ba Faransa ce ta kafa ƙungiyar masu Faransanci ba, domin a Yamai aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta ta farko ranar 20 ga Maris 1970, bisa jagorancin Diori Hamani na Nijar da Léopold Sédar Senghor na Senegal da Habib Bourguiba na Tunisiya da Norodom Sihanouk na Kambodiya. A Abijan da Libreville da Duwala akwai yara masu yawa da Faransanci ne harshensu na farko, kuma matasan Abijan sun ƙera nasu salo mai suna nouchi, wanda ya cuɗa Faransanci da Julanci da Bawule, har wasu kalmominsa, irin su s'enjailler mai nufin shaƙatawa, suka shiga ƙamusoshin Faris. Ahmadou Kourouma ya lanƙwasa jimlar Faransanci ta bi tafiyar harshen Malinke a littafinsa na 1968, marubucin Aljeriya Kateb Yacine ya ɗauki harshen a matsayin ganimar yaƙi, kuma a 2021 Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya ci kyautar Goncourt, wadda ita ce mafi girma a adabin Faransanci. Wanda ya ci ganima, in ji su, ba ya mayar wa abokin gaba da ita don fushi.

Masu adawa suna soma martani ne daga alƙaluman kansu. Adadin miliyan 321 ya haɗa wanda aka haifa da harshen da wanda ya yi 'yan shekaru a firamare yana iya karanta gajeren rubutu, kuma hasashen da ake yi na kusan miliyan 700 a 2050 ya rataya ne a kan sharaɗi guda, wato makarantun Afirka su ci gaba da koyarwa da Faransanci kuma su yi nasara. Ko a ƙididdigar OIF, masu jin harshen a Nijar ba su wuce kimanin kashi 13 cikin ɗari ba, a Mali kimanin 17, a Burkina Faso da Senegal kimanin kwata, bayan fiye da shekara 60 da samun 'yancin kai. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan 'yan ƙasa ana yanke musu hukunci ta bakin tafinta, suna dangwala yatsa a kan takardar filin da ba su san abin da ta ƙunsa ba, kuma suna zaɓar wakilan da za su yi muhawara da harshen da masu zaɓen ba sa ji. Harshen da aka ce ba ya nuna bambancin ƙabila, sai ga shi ya haifar da wani bambancin, tsakanin wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, da wanda bai yi ba, kuma wannan bambanci ana gadonsa, tun da ɗan ma'aikaci yana jin harshen a gida kafin ya shiga aji. Rikicin Kamaru, wanda ya faro a 2016 daga koken lauyoyi da malamai a kan tura alƙalai da malamai masu Faransanci zuwa yankunan masu Ingilishi, ya nuna cewa harshen aro ma yana iya zama tutar ɓangare.

A batun makaranta ne hujjarsu ta fi nauyi, kuma a nan ne tarihi ya fi ɗaci. Taron Brazzaville na 1944 ya jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, ya kuma hana amfani da harsunan gida a aji, kuma tsofaffin ɗalibai da yawa suna tuna abin da ake kira symbole, wato wani ƙashi ko katako da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi, wanda kuma aka taɓa yi wa yaran Breton a Faransa. Ƙasar Hausa ta zama tamkar wurin gwaji na hanyoyin biyu. A kudancin iyakar Nijeriya da Nijar Turawan Ingila sun bar Hausa a makarantun elemantare, suka kafa hukumar fassara, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fitowa a 1939, kuma daga nan adabin boko ya yi rassa. A arewacin iyaka kuwa, Hausa ta tsaya a bakin ƙofar aji, abin da ta samu shi ne kalmomin aro irin su lakwal da kamyo da jandarma da mushe, wannan ta ƙarshe tana nufin malamin makaranta, abin da yakan ba Bakano dariya. Masanin kimiyya Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka da a koyar da yara da harsunansu, kuma Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973. A gwajin PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban firamare a ƙasashe 10, Burundi, inda ake soma karatu da Kirundi, ta yi fice a azuzuwan farko, Nijar kuma ta kasance a sahun baya. Dole a faɗi cewa kusan kowa a Burundi Kirundi yake ji, don haka aikinta ya fi sauƙi, amma ƙa'idar cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake fahimta ba ta da masu musu da yawa a tsakanin masana ilimi.

Masu adawa suna kuma ƙalubalantar maganar mallaka. Idan da gaske harshen ya zama na Afirka, me ya sa har yanzu a Faris ake yanke abin da yake daidai, a can manyan kamfanonin ɗab'i suke, kuma marubucin Afirka ba ya yin suna a gida sai an yabe shi a can? Littafin Kourouma da ake alfahari da shi a Montreal aka fara buga shi bayan masu ɗab'in Faris sun ƙi karɓa. Ɗan Beljiyam ko Suwizalan yana cewa septante da nonante a maimakon soixante-dix da quatre-vingt-dix ba tare da an ce ya yi kuskure ba, amma Faransancin titin Abijan bai sami wannan izini a takardar jarrabawa ba. Idan kuma ƙofar duniya ake nema, Ingilishi ya fi faɗi, wanda ya sa Ruwanda ta koma koyarwa da shi a 2008, Gabon da Togo suka shiga ƙungiyar Kwamanwels a 2022, Aljeriya kuma ta shigar da shi firamare a wannan shekara.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce mafi rauni a cikin hujjojinsu, domin ta rushe ta farkon. Yaron da bai ji Faransanci ba shi ma Ingilishi baƙo ne gare shi, kuma musanya wannan da wancan gudun gara ne a faɗa wa zago, ga asarar malamai da littattafan da aka tara cikin shekaru. Abin lura ne cewa tsohuwar ministar harkokin wajen Ruwanda, Louise Mushikiwabo, ita ce ta zama shugabar OIF a 2019, wanda ke nuna cewa Kigali ta ƙara harshe ne a kan wanda take da shi. Haka kuma tarihi ya nuna hatsarin gaggawa. Gini a zamanin Sékou Touré ta koyar da harsunan gida daga 1968, amma da ƙarancin littattafai da malamai da aka horar, kuma da ya rasu a 1984 aka koma Faransanci, iyaye da yawa suna murna. Madagaska ta yi irin wannan yunƙuri bayan 1972, ita ma ta ja da baya daga bisani. A irin waɗannan sauye-sauye masu hali sukan kai 'ya'yansu makarantun kuɗi inda Faransanci bai gushe ba, sai gyaran da aka yi don talaka ya ƙara nisanta shi daga aikin ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma doka ba ta haifar da ƙamus na shari'a ko littafin lissafi na aji shida.

Sai dai wannan gargaɗi bai wanke ɗaya ɓangaren ba, domin sun daɗe suna fakewa da rashin shiri alhali ba su yi shirin ba, kuma makarantun gwaji na Nijar sun shafe shekaru masu yawa suna amsa sunan gwaji. Mafi yawan hujjojinsu suna tabbatar da amfanin koyon Faransanci ne, ba su tabbatar da wajabcin koyar da kome da shi tun daga ranar farko ba, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban. Ɗan Suwidin yana iya Ingilishi sosai, amma da harshensa ya koyi ƙidaya. Masu Faransanci ma sun san wannan idan abin ya zo kansu, domin lardin Kebek na Kanada ya kafa doka mai lamba 101 a 1977 don kare harshensa daga Ingilishi a makaranta da wurin aiki da allunan kantuna, Faransa kuma ta kafa dokar Toubon a 1994 da irin wannan manufa. Hujjar da ta halatta a Montreal, wato cewa mutum yana da haƙƙin a yi masa aiki da shari'a da harshensa, da wuya a ce ta haramta a Bamako. Gidan rediyon Faransa na RFI ma da ya so ya kai ga talakan Sahel, sashen Hausa ya buɗe a 2007.

Abin da nazari ya fi karkata gare shi shi ne raba aiki tsakanin harsuna gwargwadon halin kowace ƙasa, tun da Gabon, inda mafi yawan jama'a suke jin Faransanci, ba daidai take da Nijar ba. Senegal ta nuna wata hanya a 2014 lokacin da ta sa na'urorin fassara a majalisar dokokinta don wakili ya yi magana da Wolof ko Fulatanci ko wani harshen ƙasa, ba tare da ta taɓa matsayin Faransanci a kundi ba. A Nijar aikin ya fi haka sarƙaƙiya. Hausa tana da fa'idar da harsunan Bambara na Mali da Moore na Burkina Faso ba su da ita, wato tarin littattafai da ƙamusoshi da sassan jami'o'i a Kano da Zariya da Sakkwato, amma kalmomin mulki da shari'a da aka ƙirƙira a can an gina su ne a kan tsarin Ingilishi, alhali dokokin Nijar a kan tsarin Faransa suke, har ƙa'idar rubutu ma tana da ɗan bambanci, inda Nijar take rubuta ƴ a wurin da Nijeriya take rubuta 'y. Akwai kuma Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Tubawa, waɗanda a da harsunansu suke da matsayi ɗaya da Hausa a doka, kuma da yawansu za su auna sabon tsarin ne da abin da ya ba 'ya'yansu a aji da kuma harshen da alƙali zai saurare su da shi a Tilabery ko Agadas ko Diffa.